Abin da Mansur Ya Ɗora wa Motarka

Bodinga,
Jihar Sakkwato.
27 ga Afrilu.

Zuwa ga ɗana Abdulaziz, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina buɗe wannan takarda da gaisuwar uba ga ɗansa, da roƙon Allah Ya sa ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Bahijja da yara. Allah Ya sa albarka a kasuwarku, Ya tsare ku daga wahalar baƙunta, Ya jiƙan mahaifinka, yayana, wanda kullum na dubi hotonka sai in ga kamar shi ne ya dawo. Mu nan gida sai godiya. Zafi ya sauko da ƙarfinsa, har ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa da azahar, amma an fara ganin hadari ta gabas. Innarku ta samu sauƙin ciwon gwiwa, yanzu tana sallah a tsaye. Laraba matar ƙanenka Mansur cikinta ya tsufa, muna sa ran saukarta bayan babbar Sallah. Albasar bana kuma ta yi kyau a fadamar Mandera, irin kyawun da na daɗe ban gani ba, kuma da a ce hankalin mutane ya yi kyau kamar yadda ta yi, da wannan takarda ba ta wuce shafi ɗaya ba.

Za ka yi mamakin ganin rubutu alhali ga waya a aljihun kowa. Dalili shi ne maganar waya iska ce, wanda ya riga kira shi ke da gaskiya, kuma Mansur ya riga ni. Na ji ya gaya maka birki ne ya ƙwace, wai Husaini bakanike ya sa wa motar kayan jabu. Na ji ka kira Husaini ka faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa mutumin da ya girme ka, kuma ka yi alkawarin za a gyara motar a mayar wa Mansur, ko ma a nemo masa wadda ta fi ta girma. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba Ɗanmalam direba da zai taso da lodin albasa ranar Talata, don ka karanta a natse, in ka gama ka sake karantawa. Ni ba labari aka ba ni ba. Ina wurin da aka yi lodi, ina bayan motar kuma lokacin da ta kwanta.

Ka tuna ranar da akori-kurar nan ta iso gida, wata takwas ke nan. Innarku har kuka ta yi, ta ce shekarunka goma sha ɗaya na rana da ruwan sama a ƙasar mutane su ne suka zama ƙarfe suka tsaya a ƙofar gida. Ka ce a ba Mansur ya riƙa kwaso amfanin gona daga Mandera zuwa Shagari da Bodinga, ya samu abin yi, ni kuma in sa ido. Ka san shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙi a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, ban taɓa kwantar da mota ba, ko akuya ban taɓa takawa ba. A ranar na kama hannun Mansur, na buɗe ƙofar direba, na nuna masa ɗan ƙarfen nan da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofa, inda masu ƙera motar suka rubuta iyakar nauyinta. Na ce in an cire nauyin ita kanta motar, abin da ya rage mata bai wuce tan ɗaya ba, kuma a cikin tan ɗayan nan har da shi direba da duk wanda ya zauna kusa da shi. Babban buhun albasarmu ya haura kilo ɗari. Ke nan buhu takwas, in an matsa tara. Na ce ya jera su kusa da kan mota, kada ya tara su a wutsiya. Yana ta gyaɗa kai yana kallon fuskarsa a madubin gefe, yana gyara hula.

Ba a yi wata ɗaya ba ya kai ta wurin masu walda a Shagari. Ya sa aka ƙara mata sifirin a baya, aka ɗaga bodin da ƙarafa har ya fi kan motar tsawo, aka sa katako a kan murfin baya don ya riƙa sauke shi yana lodi a kai. Ya sa aka liƙa mata wata bamba ta bututun ruwa, aka shafe ta da jan fenti. A saman gilashi kuma aka rubuta da manyan baƙaƙe wai Giwa Ba Ta Jin Kaya. Na ce masa sifirin da ya ƙara ba abin da ya yi sai ɓoye gajiyar motar daga idon mai kallo. Birkin shi ne na da, tayoyin su ne na da, shasi, wato ƙashin bayan motar, shi ne na da. Kamar ka ba mai ciwon baya sabuwar riga ne ka ce ya warke. Ya ce ai duk masu akori-kura haka suke yi. Gaskiya ne da yawa haka suke yi, kuma da yawa na halarci jana'izarsu.

Sai kuma 'yan tasha suka same shi. Ka san irinsu, waɗanda ba su da ko keke amma sun fi kowa sanin mota. Babbansu wani Sani ne, mai zaman benci a tashar Shagari, wanda ban taɓa ganin gumi a goshinsa ba sai in yana cin tuwo. Shi ya laƙaba masa Sarkin Lodi. In Mansur ya shigo da buhu goma sha biyar su yi ta tafi, Sani ya ce wani a Yabo yana ɗora sha takwas. Kashegari sai ka ga sha tara. Da haka aka riƙa tuƙa ƙanenka, mutum mai mata, mai jiran haihuwa, kamar yadda ake tuƙa ɗan tsako da tsaba. Daga nan ya shiga jan motocin da suka mutu a hanya, da igiyar rijiya, yana ɗaurawa a bambar nan ta bututu. Na zaunar da shi na ce ja ba ɗauka ba ne, yana da tasa ƙa'idar. Ana ɗaurawa ne a ƙugiyar da aka kafe a jikin shasi, da ƙarfen ja, ba a jikin kwalliya ba. Abin da ba shi da birkin kansa, littafin motar ya ce kada ya kai tan ɗaya, domin birkinka ne zai tsayar da ku duka. Kuma motar da aka cika da kaya ba a ƙara mata ja, ko wannan ko wancan. Ya ce to Baffa, irin to ɗin da ake ce wa tsoho don ya yi shiru.

Ranar Alhamis, sha bakwai ga wata, muka je Mandera kwasar albasa. Tamu buhu ashirin ce, sai huɗu na Mode, maƙwabcinmu na fadama, wanda ka sani, abokin mahaifinka tun suna kiwon awaki. Na ce a yi sawu uku, tunda gari bai gama wayewa ba kuma hanyar ba nisa. Mansur ya ce sawu ɗaya zai yi, domin ranar ce zai nuna wa mutumin Yabo iyakarsa. Ina tsaye 'yan dako suna ɗorawa. A buhu na goma bayan motar ya fara zama. A na sha shida tayoyin baya suka baje kamar an taka gurasa. Aka sauke murfin baya aka jera shida a kan katako, suna leƙe a waje, aka hau sama da sauran har lodin ya yi tsawon mutum biyu daga ƙasa. Su kansu 'yan dakon, da ba motar ubansu ba ce, sai da ɗayansu ya tsaya da buhu a ka yana kallona, ko zan ce wani abu. Na ce, na kuma faɗa, har muryata ta dushe.

Ana cikin ɗaure igiya sai ga Alhaji Zainulabidin, mai injin sussukar alkama, ya ce injinsa ya lalace yana neman wanda zai ja masa shi zuwa Bodinga. Injin nan ƙarfe ne zalla a kan taya biyu, ya fi tan ɗaya nesa ba kusa ba, ba birki, ba fitila. Shi Alhajin da ya ga lodin sai ya ja da baya, ya ce a bari sai an sauke a dawo. Sani ne ya ce ai gaban Sarkin Lodi yake, wannan ɗan abin ko ji ba za ta yi ba. Kafin in rufe baki Mansur ya ɗauko sarƙa ya naɗe hancin injin a jikin jar bambarsa. Da nauyin ya sauka a wutsiya, gaban motar ya ɗaga, fitilunta suna kallon sama kamar akuya mai miƙa wuya ga ganye. Na kama Mansur na kai shi gaban motar, na sa ƙafa na tura tayar, na ce ya duba, tayoyin da zai juya mota da su da ƙyar suke taɓa ƙasa, kuma su ne ke riƙe mafi yawan birki. Ya zare hannunsa a gaban jama'a ya ce, "Baffa, wagga mota ba irin taku ta da ba ce. Ba a tambayarta, ɗora mata ake yi." Mutane suka yi dariya, ya ji daɗi. Ya ce in shiga gaba, na ce ina da sauran buƙata da raina, zan bi su a babur. Sani ya yi wuf ya shige ya zauna, ya ɗora gwiwar hannu a taga. Mode kuma, dattijo mai shekara sittin da wani abu, wanda albasarsa ke cikin lodin kuma yake son ya sayar da hannunsa, aka ce ya hau sama. Mai zaman benci a kan kujera, mai noma a kan buhu.

Daga Mandera zuwa kwalta tafiyar kunkuru muka yi. Ina bayansu ina ganin injin yana kaɗa wutsiyar motar dama da hagu, duk ramin da suka shiga sai lodin ya yi sujada ya ɗago. Ina jin ƙaurin birki tun kafin mu kai Dandin Mahe, domin ƙafarsa ba ta sauka daga kai ba. Da ya hau kwalta, maimakon ya gode wa Allah ya lallaɓa, sai ya ba ta wuta, don a gan shi. Ka san ɗan gangaren nan da ke sauka zuwa kwalbati bayan gari. Ba wani dutse ba ne, mai keke ma ba ya tsoronsa. Direban da ya san abin da ke bayansa tun daga sama yake komawa ƙaramar giya, inji ya riƙe masa mota. Mansur sai ya zare giya ya sake ta a firi, wai yana tattalin mai. A ƙasan gangaren shanu suna tsallaka titi, ana hangensu tun daga nesa, rana tsaka, ba ƙura ba hazo. Na ga jar fitilar birki ta kama, motar ba ta rage komai ba. Injin da ke baya bai san an taka birki ba, ya taho da nauyinsa ya tunkuɗi wutsiyar ta karkace. Mansur ya murɗa sitiyari, gaban da ba ya ƙasa ya ƙi bin sa. Tayar baya ta hagu ta fashe, bambar ta tsinke daga waldarta kamar an ɓare gyaɗa, injin ya wuce shi kaɗai ya faɗa rami, motar kuma ta kwanta a gefenta ta ja jiki har bakin kwalbati. Shanun ko ɗaya ba ta taɓu ba. Makiyayin ya kaɗa su gefe ya tsaya riƙe da sandarsa yana salati.

Mode na gani a sama, shi da buhunhuna, kafin ya sauka a gefen titi buhu biyu suka bi shi. Na yar da babur na ruga. Yana kwance a cikin albasa, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, bai yi ihu ba, sunan Allah kawai yake kira. Sani ya fito ta taga ba ko ƙwarzane, ya tsaya yana neman hularsa, da ya ga mutane sun fara taruwa sai ya hau babur ɗin wani ya ce zai je ya nemo taimako. Har yau taimakon bai iso ba. Mansur ya fito da ɗan tsagu a goshi. Ina riƙe da kan Mode a cinyata na ɗaga ido, ina tsammanin zai taho gare mu. Sai na gan shi ya zagaya yana duba gilashin gaba, yana shafa inda aka rubuta sunan giwarsa. Mutanen Dandin Mahe ne suka kawo ƙofar katako muka ɗora Mode, wata motar haya ta sauke fasinjojinta ta kai mu Sakkwato. Likita ya ce ƙashin cinya ya karye wuri biyu, an sa masa ƙarfe, kuma ko ya tashi da sanda zai tashi. Motarka shasinta ya lanƙwashe daidai bayan kujerar direba. Albasar da ba ta farfashe ba rana ta dafa ta a kan kwalta kafin a kwashe.

Tun muna asibiti labarin birkin jabu ya riga mu isa Bodinga. Husaini ne ya canza kayan birkin motar mako uku kafin nan, kuma ina tsaye ya buɗe kwalinsu. Cikin kwana huɗu mutum uku suka janye motocinsu daga garejinsa, wani ma ba a gama ɗaure masa inji ba ya sa aka tura ta waje. Mutumin da ya shekara ashirin yana gyara a garin nan ba a taɓa kama shi da ha'inci ba, ya zo ƙofar gidana ya zauna a ƙasa, ya gaya mini abin da ka ce masa a waya, idonsa ya cika da hawaye. Na tashi na tara mai unguwa da shugaban direbobin tasha da wasu dattawa biyu, muka je inda aka jawo motar, na sa wani bakanike dabam daga Shagari ya kwance ƙafafun a gaban kowa. Kayan birkin na ainihi ne, ba inda ya tsage, mai bai zuba ba. Ƙonewa kawai suka yi, ƙarfen ya koma shuɗi saboda zafi. Bakaniken ya ce birkin ya yi iyakar abin da aka ƙera shi ya yi, an dai tambaye shi aikin birki uku ne. Aka aika a kira Mansur ya zo ya gani, aka ce ya tafi aski.

Innarku, ka san uwa da auta, ta ce ƙaddara ce, abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Ban yi musu da ita ba, domin ban isa in yi musu da ƙaddara ba. Na dai ce mata iyakar nauyin ma a rubuce take, a jikin ƙofa, daidai inda yake dafawa kullum in zai shiga. Limamin unguwarmu da ya zo jaje ya ƙara mata da cewa ba a sakin raƙumi a ce an dogara ga Allah, sai an ɗaure shi tukuna. Daga nan ta tilasta wa Mansur ya je ya duba Mode, ranar kwana na biyar. Na raka shi don kada ya tsaya a hanya. Ya gaishe shi sama-sama, ya ajiye lemo, ya dudduba ko akwai mai ji, sannan ya sunkuya ya ce wa Mode in wani ya tambaya, ya ce buhu goma sha biyu ne a motar. Abin da ya kai shi ke nan. Mode, mutumin da ya yi masa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi saboda mahaifinku yana kan hanya, ya kalle shi. Ya ce, "Mansur, ni ban ƙirga ba. Na dai san da na faɗo, na daɗe ban iso ƙasa ba." Majinyatan da ke gadajen kusa suka juyo suna kallonmu. Ni na ji kunyar, shi agogonsa yake dubawa.

Ba zan ɓoye maka nawa laifin ba. Ka ce in sa ido, na sa ido, ido kuwa ba ya tsayar da mota. Ranar nan a Mandera makullin yana jiki, hannuna yana kusa, da na zare shi na sa a aljihu da iyakarta ya yi fushi. Na ji nauyin a ce tsoho yana kokawa da ɗan ɗan'uwansa a gaban 'yan dako. Na tsare raina na hau babur, na bar Mode ya hau buhu, ban ce masa ya sauko in goya shi ba. Wannan zan daɗe ina ɗauke da shi. Amma abin da ban yi ranar ba na yi shi yanzu. Makulli da takardun motar suna cikin akwatina, kuma ba mai karɓarsu sai da takarda daga hannunka. Abin da nake nema gare ka uku ne, ko in ce biyu da rabi. Ka kira Husaini da bakinka ka ba shi haƙuri, ka kuma yarda in faɗa a tasha cewa ka yi. Ka kira Mode, lambar matarsa tana bayan wannan takarda, domin ya tambaye ka sau biyu, ba don wani abu ba sai don yana jin nauyin wai motarka ta lalace da albasarsa a ciki. Rabin kuma shi ne maganar babbar mota. Wanda ya ɗora wa mai tan ɗaya kusan tan uku ya kuma rataya mata inji, in ka ba shi mai tan biyar gari zai ɗora mata. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, na sani, ɗanmu ne, ba mu da inda za mu kai shi. Amma ba a ba hannun da ke rawa wuƙa. In an miƙe shasin, akwai direbobi masu tsoron Allah a garin nan da za su riƙe ta, shi kuma ya zauna gefe ya koya, in yana da wurin sa karatu.

Kafin nan mun samo masa aiki. Damina ta matso, Mode yana kwance, takinsa yana jibge a bayan gida ba mai kai masa gona. Muka zauna da Innarku da mai unguwa aka yanke Mansur ne zai kwashe shi kaf, da jakin Mode, tunda shi ne abin hawan da ya rage wanda za a iya amince masa da shi. Shekaranjiya ya fara, na je Mandera da kaina don in tabbatar. Ya dubi tulin takin, ya dubi nisan gonar, ya ce ba zai yini yana safa da marwa ba. Ya cika mangala har tana zuba, ya ɗora buhu biyu a kai, ya ɗaure, sannan ya ɗare sama ya zauna. Na tsaya gefe ina kallo, bakina ya gaji. Jakin ya yi taku kamar goma, daidai bakin rijiya inda mata ke ɗiban ruwa, sai ya tsaya, ya lanƙwasa ƙafafun gaba, ya kwanta abinsa. Mansur ya sauka ya ja, ya tura, ya daka masa tsawa, ya ɗaga sanda na ce in ya taɓa dabbar mutane ni da shi ne. Jakin ya lumshe ido yana kaɗa kunne. Da ya rasa yadda zai yi, Sarkin Lodi ya kwance igiya da hannunsa ya sauke buhu ɗaya. Jakin bai motsa ba. Ya sauke na biyu, shiru. Sai da ya sa hannu ya rage mangalar ta dawo daidai yadda Mode ke cika ta, sannan jakin ya miƙe da kansa, ya karkaɗe jiki, ya kama hanyar gona ba wanda ya nuna masa, Mansur yana biye a ƙasa, taki har gwiwar hannu, matan rijiya sun rufe baki da gyale. Sawu tara suka yi ranar, kuma ban ga ya ƙara ko tafi ɗaya a kan abin da jakin ya yarda da shi ba. Wata takwas ina magana da Hausa ba a ji ba, ashe malamin da ya dace da shi yana ɗaure a turken Mode.

Ka gaida Bahijja da kyau, ka ce mata 'yata Safiya ta gode da atamfar, ta ɗinka har ta sa ranar Juma'a. Ka shafa mini kan Ummi da Nana Fatima, ka ce Baffa yana jin labarin karatunsu yana murna. Innarku tana gaishe ka, ta ce kada ka yi wa Mansur faɗa da yawa, na ce zan rubuta, ga shi na rubuta, sauran ya rage naka. Laraba tana gaisuwa, ita ce abin tausayi a cikin wannan lamari, ko rijiya ba ta son fita. Ka isar da gaisuwata ga mutanenmu na Bodinga da Shagari da ke zango tare da kai. Allah Ya tashi kafaɗun Mode, Ya shirya mana zuri'a, Ya sada mu da alheri.

Ni ne baffanka,
Maniru Direba, Bodinga.